Sharhi kan objcopy, manhajar da ke fitar da tsagwaron bin daga fayil ɗin ELF

Duk wanda ya taɓa danna maɓallin lodawa a manhajar Arduino domin allo irin Uno ya yi amfani da objcopy, ko da bai taɓa jin sunanta ba, domin ita ce ke aiki a ɓoye daf da lokacin da za a ɗura shiri cikin aisin (IC) da ke kan allo, wato ƙaramin guntun lantarkin da ke gudanar da shirin. Tana cikin tarin kayan aikin da ake kira GNU Binutils, tare da linka, mai haɗa guntayen shiri su zama fayil ɗaya, da asembila, da kuma readelf da objdump masu nuna abin da ke cikin fayil, kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da GCC, manhajar da ke mayar da rubutun harshen C zuwa harshen inji, wadda aka fara fitarwa a 1987. Aikin da nake ba ta a Birnin Kebbi bai wuce ɗaya ba: ina haɗa ƙananan alluna masu kula da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana domin masu noman rani a fadama, allon ya kashe famfo idan wutar faranti ta yi ƙasa ko ruwan rijiya ya janye, kuma objcopy ce ke ba ni fayil na ƙarshe da ake zubawa cikin aisi, wato bin, tsagwaron bayit marasa wani ƙarin bayani. Hukuncina a kanta shi ne cewa kayan aiki ne mai gaskiya wanda ba ya ƙari kuma ba ya ragi, amma shirunsa ya yi yawa, kuma kusan duk wahalar da na ga masu koyo suna sha da shi daga wannan shirun take fitowa.

Kafin a auna ta, dole ne a san abin da ake miƙa mata. Idan GCC da linka suka gama aikinsu, abin da ke fitowa fayil ne mai tsarin ELF, tsarin da ya samo asali daga Unix System V bugu na huɗu, kuma shi ne Linux ke amfani da shi har yau. Bayit huɗu na farkonsa ba sa canzawa, wato 0x7F (0x alama ce ta lambar da aka rubuta a tushe na 16) sai haruffan E da L da F, kuma bayan su akwai kan fayil mai tsawon bayit 52 a injin bit 32, ko 64 a injin bit 64, wanda ke faɗin irin injin da aka yi shirin dominsa da adireshin da za a fara aiki daga gare shi. Daga nan sai tebura biyu, ɗaya yana bayanin yankunan da za a ɗora a ƙwaƙwalwa, ɗayan yana lissafa sassan fayil ɗin. Sashen .text yana ɗauke da umarnin inji, .rodata yana ɗauke da ƙimomin da ba sa canzawa, .data yana riƙe da ƙimomin farko na abubuwan da shiri zai riƙa canzawa, shi kuwa .bss suna ne da girma kawai, babu ko bayit ɗaya nasa a cikin fayil. Ban da waɗannan akwai teburin sunayen ayyuka da tarin bayanan binciken kuskure, waɗanda sau da yawa sun ninka ainihin shirin girma. Shi ya sa mai koyo yakan tsorata idan ya ga ELF ɗinsa ya kai ɗaruruwan kilobayit alhali aisin da ke hannunsa 64 kaɗai take ɗauka.

A kwamfutar tebur wannan tsari ba matsala ba ne, domin babbar manhaja tana karanta teburan, ta ɗora kowane yanki inda ya dace, sannan ta miƙa wa shirin ragama. Ƙaramar aisi irin STM32F103C8, wadda ita ce na fi amfani da ita, ba ta da mai yi mata wannan hidima. Da zarar wuta ta shigo, na'urar sarrafawarta ta Cortex-M3 tana ɗaukar bayit huɗu na farko ta mayar da su adireshin saman sitak, wato wurin da shiri ke ajiyar wucin gadi, ta ɗauki huɗu na biyu ta mayar da su wurin da za ta fara aiki, ba tare da ta tambayi kowa ba. Idan aka zuba mata ELF yadda yake, bayit bayan bayit, za ta ɗauki 0x7F da haruffan nan uku a matsayin adireshi, kuma ba za ta yi ko taku ɗaya mai amfani ba. Abin da take buƙata shi ne hoton ƙwaƙwalwar filash, wadda ke riƙe shiri ko da wuta ta ɗauke, kamar yadda za ta kasance bayan an ɗura ta, kuma wannan hoton ne objcopy ke fitarwa da umarni ɗaya:

arm-none-eabi-objcopy -O binary famfo.elf famfo.bin

Yadda take aikin yana da sauƙin faɗa. Tana duba sassan da ke da abin ciki kuma aka yi musu alamar ɗorawa, ta nemo wanda adireshin ɗorawarsa ya fi ƙanƙanta ta mayar da shi bayit na farko na sabon fayil, sannan ta ajiye kowane sashe a nisan da ke tsakanin adireshinsa da na farkon. Kan fayil, teburan biyu, sunayen ayyuka da bayanan binciken kuskure duk tana watsar da su. Ba ta fassara umarni ko ɗaya, ba ta gyara adireshi, ba ta kuma duba ko shirin zai yi aiki. Ta wannan hanyar ce ake fitar da fayil ɗin Image na zuciyar Linux a injunan ARM masu bit 64 daga vmlinux, wanda shi ma ELF ne, saboda haka kayan aikin da yaron shago ke taɓawa a nan shi ne dai wanda manyan ayyuka suka dogara da shi.

Abubuwan yabo suna da yawa, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Kyauta ce, ƙarƙashin lasisin GPL, babu rajista, babu lambar kunnawa, kuma da zarar an sauke ta ba ta sake neman intanet. Ga wanda ke aiki da tsohuwar laftof a shagon da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tana gama aikinta kafin mutum ya ɗage yatsa daga maɓalli. Cikakken kunshin Arm da take zuwa a cikinsa ya haura megabayit ɗari, wanda yake cin data, amma mutum ɗaya yana iya saukewa sauran su kwafa ta filas, kuma lasisin ya halatta hakan. A Ubuntu ana samun ta cikin kunshin binutils-arm-none-eabi, masu amfani da STM32CubeIDE kuwa suna da ita tun farko. Abin da ya fi burge ni shi ne dawwamarta a kan hali ɗaya: ELF ɗaya da zaɓi ɗaya suna ba da bin ɗaya, yau da gobe, kuma umarnin da aka rubuta a Makefile, fayil ɗin da ke jera umarnin haɗa shiri, shekarun baya yana aiki ba tare da gyara ba. Tana karantawa da rubutawa ta BFD, tarin lambar da ya san tsarin fayiloli iri-iri, wanda ya samo asali daga kamfanin Cygnus, kuma shi ya ba ta damar fitar da wasu tsare-tsaren fayil kamar Intel HEX da S-record na Motorola da zaɓin -O ihex ko -O srec, har ma ta mayar da HEX zuwa bin ko bin zuwa HEX.

Aibi na farko ba na manhajar ba ne kai tsaye, na tsarin fayil ɗin da take fitarwa ne, amma tun da ba ta gargaɗin kowa a kansa, ina ɗora mata wani kaso. Tsagwaron bin ba ya ɗauke da adireshinsa. Kamar buhun saƙo ne a tasha da aka goge sunan garin da za a sauke shi, kayan cikinsa lafiya lau, amma sai direba ya tuna da kansa ko Argungu aka ce ko Jega. Filash ɗin STM32 yana farawa daga 0x08000000, kuma wanda ke ɗurawa da st-flash dole ne ya rubuta wannan lambar da hannunsa. Muddin shirin daga farkon filash yake farawa, da wuya a yi kuskure. Matsalar tana zuwa ne idan allon yana da butloda, wato ƙaramin shirin da ke fara tashi ya karɓi babban shiri ko ya tayar da shi, wadda ta mamaye kilobayit 8 na farko, aka kuma haɗa babban shirin domin ya zauna a 0x08002000. Fayil ɗin bin da zai fito ba shi da wata alama da ke nuna haka. Idan aka tura shi ta WhatsApp ga mai gyara a Yauri, shi kuwa ya ɗura shi a farkon filash kamar yadda ya saba, to ya goge butloda, kuma shirin ma ba zai tashi ba, domin duk adireshin da ke cikinsa yana nuni ne ga wurin da ba nan yake zaune ba. Manhajar ɗurawa za ta ce an rubuta an kuma tabbatar, kuma gaskiya ta faɗa, tun da abin da aka ba ta shi ta rubuta. Saboda wannan nake sa adireshin cikin sunan fayil duk lokacin da bin zai bar kwamfutata.

Aibi na biyu shi ne wanda ya fi shahara, kuma a kansa ne nake ganin ya kamata masu kula da objcopy su sa ta riƙa magana. Kowane sashe yana da adireshi biyu. Akwai wanda shiri ke tsammanin samun sashen a lokacin da yake aiki, wanda objdump ke nunawa da haruffan VMA, akwai kuma wanda ake ajiye shi kafin a fara aiki, wato LMA. Ga .text duka biyun ɗaya ne, domin aisin tana karanta umarni kai tsaye daga filash. Ga .data kuwa dole su bambanta. Ƙimar da shiri zai canza dole ta zauna a RAM, wadda a wannan aisi take farawa daga 0x20000000, amma RAM tana mance komai idan wuta ta ɗauke, saboda haka ƙimomin farko ana ajiye su a filash, a bayan .text, sai lambar tashi ta kwafe su zuwa RAM kafin a shiga main, inda ainihin shirin ke farawa. Takardar rabon wuri ta linka ce ke tsara haka, da ɗan rubutun da ke cewa sashen yana aiki a RAM amma ana ɗora shi a filash, wato AT> FLASH a ƙarshen bayanin sashen.

Idan wannan ɗan rubutun ya ɓace, ko kuma wani ya ƙirƙiri sabon sashe a RAM bai yi masa alamar NOLOAD ba, adireshin ɗorawar sashen sai ya zama 0x20000000. Ita objcopy da adireshin ɗorawa take aiki, kuma ba ta da wata hanyar nuna giɓi a tsagwaron fayil sai cike shi. Tsakanin 0x08000000 da 0x20000000 akwai bayit 402,653,184, wato megabayit 384 daidai, kuma za ta rubuta fayil mai wannan girma domin aisin da ke ɗaukar kilobayit 64, ta koma ba ta ce uffan ba. Wani ɗalibin kimiyyar lantarki da ke zuwa shago koyon aiki ya taɓa kawo mini irin wannan, yana cewa, “Maigida, shirin fitila ɗaya ne kawai na rubuta, amma fayil ɗin ya ƙi shiga.” Umarnin objdump -h ya nuna matsalar a layi ɗaya, domin LMA na .data ya fara da 2 a maimakon 08. Ba a buƙatar wani dogon ilimi kafin manhaja ta lura cewa kusan duk abin da take rubutawa sifili ne, kuma layi ɗaya na gargaɗi zai wadatar. Masu kare ta za su ce ba aikinta ba ne ta san girman filash ɗin kowa, kuma akwai gaskiya a ciki, amma faɗin girman giɓin da ta cike ba ya buƙatar sanin kowace aisi.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne maganin gaggawa da wasu ke yi. Suna ganin ƙaton fayil sai su cire sashen da -R .data, ko su zaɓi .text kaɗai da -j, fayil ɗin ya dawo ƙarami, a ɗura, allon ma ya tashi. Sai dai ƙimomin farko ba sa ciki, kuma abin da shirin zai samu a gurbinsu tarkace ne. A allon famfo wannan yana iya nufin cewa iyakar wutar da ake kashe injin a kanta ta zama wata lamba ta daban, kuma ba za a gane ba sai an kai shi gona. Gyaran yana cikin takardar linka, ba a zaɓin objcopy ba.

Masu Arduino Uno suna da nasu nau'in wannan matsala. Aisinsu, ATmega328P, tana da filash na kilobayit 32 da RAM na 2 da EEPROM, wata ƙaramar ma'ajiya da ba ta mantuwa idan wuta ta ɗauke, na 1, kowanne da adireshinsa daban a cikin aisin, amma ELF yana buƙatar su a jere ɗaya, saboda haka kayan aikin AVR, iyalin da wannan aisi take ciki, suna ajiye RAM a 0x800000, EEPROM kuma a 0x810000. Wanda shirinsa ke da sashen .eeprom kuma ya nemi bin bai cire shi ba zai sami fayil da ya haura megabayit 8. A nan cirewa da -R .eeprom daidai ne, domin ana fitar da sashen a fayil na daban a ɗura shi daban.

Ko a ƙananan giɓi akwai abin lura. Abin da objcopy ke cikewa da shi idan ba a ce mata komai ba sifili ne, alhali filash da aka goge yana karantuwa 0xFF a kowane bayit. Bambancin yana da tasiri, domin filash ana iya sauke bit ɗinsa daga 1 zuwa 0 ta hanyar rubutu, amma mayar da shi 1 sai an goge shafi guda, wanda a wannan aisi kilobayit 1 ne. Idan an ware wani shafi a tsakiya domin ajiye saitin mai gona, kamar tsawon lokacin da famfo zai jira kafin ya sake gwada rijiya, kuma shirin yana gane shafin da ba a taɓa rubutawa ba ta ganin 0xFF, to sifilin da aka cike da shi zai ruɗe shi. Zaɓin --gap-fill 0xFF yana magance wannan, kuma idan aka haɗa shi da --pad-to 0x08010000 ana samun fayil mai kilobayit 64 cif, wanda ya yi daidai da abin da za a karanto daga aisin bayan ɗurawa, har a iya kwatanta su bayit da bayit. Zaɓuɓɓukan biyu suna aiki yadda aka bayyana su, kuma a ganina duk wanda ke harkar filash ya kamata ya sa na farkon a Makefile ɗinsa tun ranar farko.

Game da .bss, objcopy tana yin daidai da ba ta saka shi, tun da lambar tashi ce ke share wurin da sifili. Amfanin sanin wannan shi ne yana ba da ma'auni mai sauƙi: umarnin arm-none-eabi-size yana fara fitar da lambobi uku, text da data da bss, kuma girman bin ya kamata ya zo kusa da jimillar biyun farko. Idan ya zarce ta da nisa, akwai giɓin da aka cike, idan kuma ya gaza, akwai sashen da aka bari. Ma'auni na biyu shi ne buɗe fayil ɗin da hexdump a duba bayit takwas na farko. RAM ɗin STM32F103C8 kilobayit 20 ne, saboda haka saman sitak yawanci 0x20005000 ne, kuma da yake ARM tana fara ajiye ƙaramin bayit, abin da za a gani shi ne 00 50 00 20. Huɗu na biyu dole su ƙare da 08, kuma na farkonsu dole ya zama mara, ba cika ba, domin Cortex-M tana aiki da umarnin Thumb kaɗai kuma bit na ƙarshe shi ke nuna haka. Waɗannan duba biyu ba sa ɗaukar minti guda, kuma da manhajar tana buga adireshin farko da na ƙarshe bayan ta gama, da rabin wannan aikin ya ragu.

Ga wanda zai tura shiri wani gari, fitarwar HEX ta objcopy ta fi bin aminci. Intel HEX rubutu ne da ake iya buɗewa a karanta. Kowane layi yana farawa da ɗigo biyu, sai adadin bayit, sai adireshi, sai nau'in layin, sai bayanan, sai lambar tantancewa a ƙarshe, kuma fayil ɗin yana rufewa da layin :00000001FF. Da yake gurbin adireshi bit 16 ne kawai, akwai layi nau'in 04 da ke ba da rabin sama na adireshin, kuma shi ke ɗauke da 0800 a fayil ɗin STM32. Giɓi ba ya cin wuri a nan, domin layin da ke biye yana faɗin sabon adireshinsa kawai, kuma manhajar ɗurawa tana iya ƙin karɓar adireshin da ba ya cikin filash, abin da ke fallasa kuskuren .data nan take. Kuɗin da ake biya shi ne girma, domin bayit 16 suna zama haruffa 43 ban da ƙarshen layi, wato kusan ninki uku, amma ga shirin kilobayit 40 wannan ba abin damuwa ba ne ko da a wurin da sabis ke da rauni. Bin yana da gurbinsa inda ba makawa: butlodar da ke karanta fayil daga katin memori ko ta waya ta fi sauƙin rubutawa idan abin da ke zuwa tsagwaron bayit ne, ba sai ta fassara rubutu ba.

Masu gyaran talabijin da dikoda sun san irin wannan fayil ta wata fuskar, ko da ba su taɓa rubuta shiri ba. Abin da suke karantowa daga aisin filash mai ƙafa takwas da na'urar CH341A, su adana su kuma yi musaya a tsakaninsu, tsagwaron bin ne, hoton aisin daga bayit na farko zuwa na ƙarshe. Shi ya sa na W25Q64 dole ya zama bayit 8,388,608, na W25Q32 kuma rabin haka, kuma wanda ya gaza ko ya zarce ba cikakke ba ne ko kuma na wata aisi ne. Ga su objcopy ba ta da amfani mai yawa, sai dai idan fayil ya zo musu a HEX ko S-record alhali manhajarsu bin take so. A nan -I ihex -O binary yana biyan buƙata, tare da --gap-fill 0xFF, kuma komawa baya yana buƙatar a ƙara --change-addresses da adireshin farko, tun da bin ɗin ba zai faɗa da kansa ba.

Abin da ba ta iya yi kwata-kwata shi ne lissafa lambar tantancewa ta saka cikin hoton. Duk allon da za a riƙa sabunta shirinsa a gona yana buƙatar butloda ta tabbatar cewa fayil ya iso lafiya kafin ta goge tsohon, kuma hanyar da aka saba ita ce lambar tantancewa da ake kira CRC. Objcopy tana iya maye gurbin sashe da --update-section idan wani ya lissafa ƙimar a waje, amma lissafin ba nata ba ne. Domin haka nake haɗa ta da srec_cat na kunshin SRecord, wanda ke yanka, ya cike, ya haɗa butloda da babban shiri a fayil ɗaya, ya kuma lissafa CRC. Daga ɓangaren kayan sayarwa, ielftool na IAR yana lissafa lambar tantancewa da kansa, shi kuwa fromelf da ke zuwa da Keil yana da wata dabara da na fi so a kan ta objcopy: idan shiri yana da yankunan ɗorawa fiye da ɗaya, yana fitar da fayil daban ga kowanne a maimakon ya cike tsakaninsu. Sai dai waɗannan suna tafe da kunshin da cikakken lasisinsa na kasuwanci ake biya da kuɗin waje, kuma ƙaramin shago ba zai saye su domin wannan kaɗai ba. Akwai kuma llvm-objcopy, wadda aka yi ta domin ta karɓi yawancin zaɓuɓɓukan ta GNU, kuma fifikonta shi ne guda ɗaya tana karanta fayilolin injuna daban-daban.

Wannan fifikon yana da ma'ana, domin ta GNU ana gina ta ne ga iyalin inji, shi ya sa sunanta ke zuwa da gaba kamar arm-none-eabi ko avr. Mai koyo da ya rubuta objcopy tsura a Linux yana kiran ta kwamfutarsa ne, kuma yawanci za ta ce ba ta gane tsarin fayil ɗin ba, saƙon da ke sa mutum ya zargi ELF ɗinsa alhali lafiyarsa ƙalau. Littafin bayaninta ma bai taimaki sabon shiga ba. Cikakke ne kuma gaskiya ne, amma jerin zaɓuɓɓuka ne masu yawan gaske da Turanci mai tsauri, kuma jimlar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ke cewa hoton yana farawa daga adireshin ɗorawa na sashe mafi ƙasa, tana zaune cikin sakin layi ɗaya a gabatarwa ba tare da misalin abin da zai faru idan sassan sun yi nisa da juna ba. Ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru ko na jami'ar Aliero da ke aikin kammala karatu a kan irin waɗannan alluna za su fi amfana idan suka fara da readelf -l, suka fahimci ginshiƙan VirtAddr da PhysAddr, kafin su taɓa objcopy.

Tun da juyawar hanya ɗaya ce, kuma abin da aka watsar ba ya dawowa daga bin, ELF ɗin kowane bugu da ya fita shago dole ne a adana shi. Idan allo ya tsaya a gona, aka karanto adireshin da ya faɗi, manhajar addr2line, mai mayar da adireshi zuwa layin rubutun shiri, da ELF na wannan bugun ne kaɗai za su faɗi layin da matsalar take, kuma ELF da aka sake haɗawa bayan an taɓa ko layi ɗaya ba lallai ya dace ba. A nan ma objcopy tana da taimako, domin --only-keep-debug yana ware bayanan binciken kuskure a fayil na daban. Ya kamata a tuna kuma cewa OpenOCD da GDB, manhajojin binciken kuskure, suna ɗura ELF kai tsaye, suna karanta adireshin da kansu, saboda haka a kan tebur, lokacin gwaji, sau da yawa ba a buƙatar juyawa ko kaɗan.

Akwai alluna biyu da suka yawaita a hannun matasa yanzu waɗanda objcopy ba ita ce matakin ƙarshe a kansu ba, duk da cewa sunan fayil yana iya ruɗarwa. Fayil ɗin bin na ESP32 ba tsagwaro ba ne. Manhajar esptool ce ke haɗa shi da umarnin elf2image, yana farawa da bayit 0xE9, kowane yanki yana ɗauke da adireshinsa da tsawonsa, akwai kuma lambar tantancewa a ƙarshe, kuma butlodar aisin wannan tsarin take nema. Wanda ya bi ELF na ESP32 da -O binary zai sami ƙaton fayil mai cike da giɓi wanda aisin ba za ta karɓa ba. Raspberry Pi Pico kuwa, idan ta bayyana a kwamfuta kamar filas, tana karɓar UF2, tsarin da Microsoft ta ƙirƙira, mai tubala na bayit 512, kowanne da adireshin da zai sauka, kuma picotool ko elf2uf2 ne ke fitar da shi daga ELF. Idan aka kwafa mata tsagwaron bin ta wannan hanyar, za ta yi watsi da shi ba tare da ta rubuta komai a filash ba.